Tsohon Gini da Sabuwar Bukata: Matsalar Gyaran Wuraren Ibada na Ginin Ƙasa

Gabatarwa

Duk wanda ya hau Goron Dutse da hantsi, ya juya ya fuskanci gabas, zai ga birnin Kano ya shimfiɗu a gabansa har iyakar ganinsa. Abin da zai fara cika masa ido shi ne ƙyallin kwanon rufi, sa'an nan kuma hasumiyoyin masallatai na siminti, tun daga Masallacin Shehu Muhammadu Rabi'u da ke nan unguwar Goron Dutse, har zuwa Babban Masallacin Juma'a na kusa da gidan Sarki. Amma a hotunan da aka ɗauki birnin a farkon ƙarni na 20, ba abin da ake gani sai jajayen soraye da zankwaye da indararo, masallatai da gidaje duk na ƙasa. Watau ke nan a cikin shekaru ɗari kacal kamannin birnin sun juye gaba ɗaya.

Wannan sauyi ya fi tsanani a wuraren ibada, domin wurin ibada ba kamar ganuwa yake ba, wadda za a iya killace ta a bar wa masu yawon buɗe ido. Kullum jama'a suna cikinsa, suna ƙaruwa, bukatunsu kuma suna sakewa. Saboda haka gyara ya zama tilas. Abin tambaya kawai shi ne, wane irin gyara? A cikin wannan maƙala za a fara da bayanin yadda maginan Hausa suka tsara cikin ɗakin ibada, da abin da masu ibada na yau suke nema daga gare shi. Daga nan za a dubi hanyoyi uku da aka bi wajen gyara a Kano da Zariya da Dandaji ta Jamhuriyar Nijar, sa'an nan a kawo abubuwan da suka fi kashe ginin ƙasa a lokacin da ake zaton gyara shi ake yi.

Yadda Magina Suka Tsara Cikin Gini

Ginin Bahaushe na gargajiya, adonsa da gwanintarsa a ciki suke. Daga waje sau da yawa ba a ganin komai sai katanga mai kauri da ƙananan tagogi. Sai an shiga ake ganin aikin. Ana haƙo jar ƙasa daga kududdufi, a kwaɓa ta da ramno, a mulmula tubali da hannu a shanya, sa'an nan a jera shi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bango yakan yi kauri ƙwarai daga tushe, yana sirancewa yayin da yake tashi sama. Wannan kauri shi ne yake hana zafin rana shiga da tsakar rana, ya kuma riƙe ɗumi a lokacin hunturu.

Babbar matsalar magini ita ce rufi. Itacen da yake dogara da shi shi ne azara, wadda ake tsagowa daga giginya, saboda ƙarfinta da kuma wuyar da take ba gara. To, amma azara ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar da ke tsakanin bango da bango ta wuce kimanin mita biyu. Masallaci kuwa yana bukatar fili mai faɗi inda sahu zai miƙe. Dabarar da magina suka ƙago ita ce bakan gizo. Ana dasa azara a jikin bango ko ginshiƙi, a ɗaure wata a kanta ta ɗan zarce ta, a yi ta yin haka hawa-hawa daga ɓangarori biyu ana lulluɓewa da ƙasa, har su haɗu a tsakiya. Idan bakan gizo biyu ko fiye suka gitta juna, sai a sami ɗaurin guga, a kansa kuma a ɗora tulluwa. Da wannan dabara gwanin magini yana iya rufe ɗaki mai faɗin kusan mita takwas ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Mai son ganin irin wannan aiki a Kano yana iya zuwa Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa ya ɗaga kai.

Abokin gaban ginin ƙasa shi ne ruwa. Don haka ake shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, rufi kuma a dalaye shi da laso, watau haɗin katsi na karofi da gashin jima da dafara. Ruwan sama yana gangarowa ta indararo ya zuba nesa da tushen bango. Duk da haka ba a gama ginin ƙasa a ce an huta. Kafin kowace damina sai an hau an duba, an toshe tsaga, an sabunta yaɓe. Wannan kulawa ta shekara-shekara wani sashe ce ta ginin kansa, kamar yadda azara take.

Ba masallatai kaɗai aka gina ta wannan hanya ba. A shekarar 1929 ƙungiyar mishan ta C.M.S. ta tashi daga cikin birnin Zariya, inda Likita Walter Miller ya zauna tun 1905, ta koma ƙauyen Wusasa a ƙarƙashin jagorancin Guy Bullen. A can aka gina Majami'ar St. Bartholomew da ƙasa da azara bisa tsarin ginin Hausa, da bakunan gizo a ciki, ta yadda wanda ya shiga zai ga kamar zauren wani basarake ya shiga. A wannan ƙauye Janar Yakubu Gowon ya tashi, nan ne kuma mahaifar Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa. Wannan majami'a shaida ce cewa sana'ar maginan Hausa ta yi wa Musulmi da Kirista aiki, matsalar kiyaye ta kuma ta shafe su duka.

Bukatun Masu Ibada na Yau

Kafin a zargi masu gyara, ya kamata a fahimci abin da yake tura su. Abu na farko shi ne yawan jama'a. Masallacin da aka gina don unguwa mai gida talatin, yau gida ɗari uku ne suke kewaye da shi. Ranar Juma'a ko lokacin tafsirin azumi sahu yakan fita har kan titi, a rana ko a ruwa. Na biyu shi ne kayan zamani: lasifika don na baya ya ji liman, fitilar lantarki don sallar Asuba da ta Lisha da tahajjudi, fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, famfunan alwala da bayan gida. Na uku shi ne wurin mata da ajin Islamiyya, waɗanda yawancin tsofaffin masallatan unguwa ba su tanada ba. A majami'a ma haka abin yake: ana son kujeru masu yawa, da wurin ƙungiyar mawaƙa da kayan kiɗansu, da ɗakin koyar da yara ran Lahadi, da fili a gaban bagadi don ɗaurin aure.

Akwai kuma wani dalili da ba a cika faɗa ba, watau yadda mutane da yawa suka ɗauki ginin ƙasa alamar talauci. Mai hali idan ya tashi yin sadaka mai gudana, ya fi son a ga bulo da tayil da ƙubba, domin a ganinsa ɗakin Allah ya fi ƙarfin ƙasa.

Faɗaɗa wurin ibada ba baƙon abu ba ne a tarihi. Masallacin Annabi (S.A.W.) a Madina da tubalin ƙasa aka fara gina shi, ginshiƙansa kututturan dabino. Sayyidina Umar ya faɗaɗa shi, Sayyidina Usman kuma ya ƙara faɗaɗa shi, ya gina shi da dutse. Don haka ba wanda zai ce a bar masallata a rana saboda a kiyaye tsohon bango. Abin da ake nema shi ne hanyar da za a biya bukatar jama'a ba tare da an yi asarar abin da ba a iya mayarwa ba.

Hanya ta Farko: A Rushe a Sake

Wannan ita ce hanyar da aka fi bi, Babban Masallacin Kano kuma shi ne misalinta mafi girma. Ana danganta kafa Masallacin Juma'a na birnin da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499). An sha sabunta shi, har da aikin da aka yi a zamanin Sarki Abdullahi Maje Ƙarofi a ƙarni na 19. Ginin ƙasa ne mai doguwar hasumiya, wadda ta fito a hotunan farkon zamanin Turawa. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926–1953) aka kawar da shi, aka gina sabo na zamani mai hasumiya biyu da ƙubba, bisa kamannin masallatan ƙasashen Gabas, aka buɗe shi a farkon shekarun 1950.

Ba shakka Kano ta sami masallacin da ya ɗauki jama'a, wanda kuma ba ya bukatar yaɓe duk shekara. Amma ta yi hasara iri biyu. Ta farko, tsohon ginin ya tafi ɗungurungum, ba abin da ya rage sai hoto. Ta biyu ta fi ta farko nisa. Da yake abin da babba ya yi shi ƙarami yake kwaikwayo, sai sabon masallacin ya zama ma'auni. Kowane gari da kowace unguwa suka shiga burin su ma su sami ƙubba da hasumiya, masallatan ƙasa suka yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Da aiki ya ragu, sai 'ya'yan magina suka koma aikin bulo, sarautar Sarkin Magina ta rage nauyi, ilmin ɗaurin guga kuma ya koma hannun tsofaffi 'yan kaɗan.

Hanya ta Biyu: A Lulluɓe Tsoho da Sabo

Zariya ta bi wata hanya dabam, dalili kuwa shi ne darajar abin da take da shi. An gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834–1846). Maginin shi ne Muhammadu Durugu, wanda ake kira Malam Mika'ilu, aka fi saninsa da laƙabin Babban Gwani. Masana gine-gine sun haɗu a kan cewa wannan masallaci shi ne ƙololuwar ginin Hausa. Ɗakin sallarsa tulluwa shida ne suka rufe shi, suna zaune a kan manyan ginshiƙai da bakunan gizo, jikin ginshiƙan kuma da zane mai zurfi wanda aka fitar da ƙasa. A asalin tsarinsa akwai haraba da katanga ta kewaye, da zauruka na shiga inda ake alwala, da ɗakin shari'a. Har labari ake bayarwa cewa bayan Babban Gwani ya gina wa Sarkin Birnin Gwari irinsa, sai sarkin ya sa aka kashe shi don kada ya gina wa wani. Ko da labarin bai tabbata ba, ya nuna irin matsayin da mutane suka ba aikin.

A tsakiyar shekarun 1970, da bukatar faɗaɗawa ta matsa, sai aka zaɓi a bar ainihin ɗakin sallar na Babban Gwani, a gina sabon masallaci na siminti ya kewaye shi ya rufe shi. Sauran sassan harabar aka kawar da su. Sa'ar da aka yi ita ce, kafin wannan aiki wasu masana, irin su Z.R. Dmochowski da J.C. Moughtin, sun auna ginin sun zana shi. Da taimakon irin wannan awo aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Wannan hanya ta fi rushewa, domin ta ba mutane damar ci gaba da salla a ƙarƙashin bakunan gizon Babban Gwani har kusan shekara hamsin bayan haka. Amma tana da haɗarinta. Ginin ƙasa da aka sa a cikin wani gini ya ɓace wa ido daga waje. Hawa kansa a duba ya yi wuya, iskar da take busar da shi ta ragu, zukata kuma sukan kwanta a kan cewa ai an riga an kare shi. Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, ana tsakiyar damina, wani sashe na masallacin ya rufta a kan mutane suna sallar La'asar, aƙalla mutum bakwai suka rasu, wasu da dama suka ji rauni. Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli ya bayyana cewa an ga tsaga a bango kwana ɗaya kafin abin ya auku, ana cikin shirin kawo injiniyoyi ke nan. Daga baya aka kafa asusun neman gudummawa don sake gina masallacin. Wannan musiba ta nuna cewa maganar tsohon wurin ibada ba maganar tarihi ce kaɗai ba, magana ce ta rayukan bayin Allah da suke zaune a ƙarƙashinsa.

Hanya ta Uku: A Gina Sabo a Gefe

Misali na uku daga ƙasar Hausa ta Nijar yake, a jihar Tawa. A nan aka yi wani shahararren magini, Alhaji Falke Barmu, wanda ya fara gina Masallacin Juma'a na garin Yama da ƙasa a 1962, aikin da ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ginin ƙasa bai zama abin da ba, tun da an yi sabon masallacin Juma'a da shi bayan samun mulkin kai, duniya kuma ta yaba.

A ƙauyen Dandaji na wannan yanki akwai wani masallacin ƙasa mai irin wannan tsari, wanda ya lalace, jama'a kuma suka bukaci sabo. Masu zanen gini biyu, Mariam Issoufou Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka tsara aikin ta yadda ba a rushe tsohon ba. Aka nemo maginan gargajiya suka gyara shi, aka mayar da shi ɗakin karatu, aka sa masa kantocin littattafai da wani ɗan bene a ciki, ginshiƙai da rufinsa na asali suna nan ana ganinsu. A gabansa aka gina sabon masallaci mai ɗaukar kimanin mutum 1,000, da bulon jar ƙasa wanda ake matsewa da inji. An kammala aikin a 2018, aka sa wa wurin suna Hikma.

Amfanin wannan hanya a fili yake. Duk wani nauyin zamani, watau taron jama'a da wayoyin lantarki da famfuna, ya koma kan sabon gini wanda aka tsara dominsa, tsohon kuma ya sami aiki mai sauƙi da zai sa a ci gaba da shiga cikinsa ana lura da shi. Sai dai tana bukatar fili, abin da yake da wuyar samu a lungunan cikin birni irin na Kano. Har wa yau malamai suna da magana a kan sauya wa masallaci aiki bayan an riga an yi waƙafinsa, don haka tilas a nemi fatawarsu tun da fari. Inda aka ga sauyawar ba ta dace ba, ana iya barin tsohon ɗakin don salloli biyar da karatun zaure, sabon kuma don Juma'a da manyan taruka.

Abubuwan da Ke Kashe Gini da Sunan Gyara

Yawancin tsofaffin wuraren ibada ba a rana ɗaya ake kashe su ba. Da kaɗan-kaɗan ake yi, kuma da kyakkyawar niyya. Babban cikinsu shi ne shafen siminti. Bangon ƙasa yana shan laima da damina, ya fitar da ita da rani. Idan aka shafe shi da siminti, to an toshe masa hanyar fitarwa. Bugu da ƙari siminti da ƙasa ba sa miƙewa da takurewa tare idan zafi da sanyi suka sauya, saboda haka simintin yakan tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya kasa fita. Daga waje bango sumul, daga ciki kuwa ya zama taɓo, azara tana ruɓewa, gara tana samun gida. Haka ya faru ga tsohon masallacin Larabanga da ke arewacin Gana. An shafe shi da siminti a shekarun 1970 don a kare shi daga ruwa, sai laima ta taru a ciki, gara ta ci itatuwansa, har wani sashe ya faɗi. Da aka zo gyara a farkon shekarun 2000, aikin farko shi ne ɓamɓare simintin a koma yaɓen ƙasa.

Na biyu shi ne ruwan da ake kawowa kusa da tushe. A da buta ce da randa, a can zaure ko bakin haraba. Yanzu sai a jera famfuna a jikin bangon masallaci, ruwa yana kwanciya a gindinsa dare da rana. Daɓen siminti ko tayil a cikin ɗaki shi ma yakan kori laimar ƙasa ta koma ta hau bango. Haka nan idan aka ɗaga titi ko aka toshe kwata, ruwan unguwa yakan komo gindin ginin.

Na uku shi ne sassaƙa da rataye. Mai aikin lantarki yakan fafe bango ya binne waya, wani lokaci har ya yanke azarar da take cikin bakan gizo bai sani ba. Fankar sama da aka ɗaure a jikin azara tana girgiza ta kullum. Faɗaɗa taga ko cire ginshiƙi ɗaya don sahu ya miƙe yana iya sauya yadda nauyin rufi yake sauka gaba ɗaya. Sau da yawa ma ba a bukatar waɗannan abubuwa kamar yadda ake zato. Ɗakin ƙasa yana da sanyinsa, kuma ba ya amsa-kuwwa irin ta ƙubbar siminti, don haka fanka ta tsaye da ƙaramar lasifika sun wadatar. Waya kuma ana iya bi da ita a cikin bututu a kan bango, inda za a iya cire ta ba tare da rauni ba.

Na huɗu shi ne barin kulawar shekara-shekara. A birnin Jenne na ƙasar Mali, inda babban masallacin ƙasa na yanzu yake tsaye tun 1907, duk shekara mutanen gari sukan fito kwansu da kwarkwatarsu su yaɓe shi, itatuwan da suka fito a jikin bango kuma su ne matakalarsu. Wannan al'ada ita ta raya shi. Duk da haka a watan Nuwamba na 2009 wani sashe na hasumiyarsa ɗaya ya zube bayan ruwa mai yawa, masu gyara kuma sun tarar yaɓen shekara da shekaru ya taru ya yi wa rufi nauyi, sai da aka rage shi. Ashe yaɓen ma yana son ido na gwani. A ƙasar Hausa kuma akwai ƙarin matsala, domin kayan aikin kansu suna neman gagara. Katsi daga karofi yake fitowa, gashin jima daga majema, azara daga giginyar da ta shekara da yawa. Da karofi suka ragu, giginya kuma aka sare ba a dasa ba, sai laso da azara suka yi tsada. Ta haka mutuwar sana'a ɗaya take jan wata.

Abin da Ya Kamata a Yi Kafin a Taɓa

Akwai darasi a yadda ake yi a Ingila, inda ƙauyuka suke cike da majami'u masu ɗaruruwan shekaru, jama'arsu kuma suna son cire tsofaffin bencina ko sa wurin dafa shayi da bayan gida. A can ba a taɓa cikin irin wannan gini sai da izinin kotun ikilisiya, masu neman izinin kuma sai sun rubuta bayani biyu: ɗaya a kan abin da yake da daraja a ginin, ɗaya a kan bukatar da ta sa ake son sauyi. Sa'an nan a auna a gani ko bukatar ta kai a yi hasarar. A Nijeriya akwai hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa da dokar 1979, amma ikonta ya fi ƙarfi a kan wuraren da aka riga aka ayyana. Sauran suna hannun kwamitin masallaci ko na majami'a, da mai unguwa, da mai ba da kuɗi.

Waɗannan su ne ya kamata su ɗora wa kansu 'yan ƙa'idoji. A auna ginin a ɗauki hotonsa ciki da waje kafin a sa masa hannu, domin da ba a yi wa masallacin Zariya haka ba, da ba a sami na Jos ba. A haɗa injiniya da maginin gargajiya su duba tare, don kowannensu yana ganin abin da ɗayan ba ya gani. Duk abin da za a ƙara a ciki ya zama wanda za a iya cirewa. A nisanta ruwa daga tushe. A ware kuɗin duba gini kafin kowace damina, kamar yadda ake ware na man janareta. Idan kuwa aka ga tsaga sabuwa, ko ƙasa tana zubowa daga rufi, to a fitar da jama'a nan take, a yi salla a haraba har a tabbatar da lafiyarsa.

Kammalawa

An ga yadda Kano ta rushe ta sake, ta sami fili ta rasa gado. Zariya ta lulluɓe, ta tsawaita ran ginin amma kulawa ta yi wuya. Dandaji kuma ta gina sabo a gefe, ta ba tsohon wani aiki. Ba wadda ba ta da aibi a cikinsu, sai dai ta ukun ita ce ta fi barin ƙofa a buɗe ga na baya, domin abin da aka bari a tsaye ana iya sake shawara a kansa, wanda aka rushe kuwa ya tafi ke nan. Har yanzu akwai sauran abin da za a ceta: majami'ar Wusasa, da Hasumiyar Gobarau ta Katsina, da masallacin Agadas, da ƙananan masallatan ƙasa da suka rage a lunguna da ƙauyuka, waɗanda ba a rubuta sunansu a ko'ina ba. Makomar kowannensu tana hannun mutanen da suke ibada a cikinsa, a ranar da za su zauna su yanke shawarar gyara. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, a ginin ƙasa kuwa rigakafin bai wuce a hau rufi a duba kafin ruwan fari ya sauka ba.